Bayan shekara 16 a Legas zan koma Arewa, amma wane gari?

Dan_Agege84:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah a ba ni ta tsakani da Allah, ba ta kishin gari ba. Tun 2009 nake Legas, a Agege. Sana'ata gyaran firji da esi, ina da ɗan shago da yara biyu da nake koya wa aiki. Alhamdulillahi ba na kukan abinci. Amma watan jiya mai gidan da nake haya ya aiko cewa in shekara ta zagayo, kuɗin ya tashi daga dubu 450 zuwa dubu 800. Ɗaki biyu ne da falo, ruwa ma saye muke yi. Na zauna na yi lissafi, na ga shekara 16 ke nan ina gina wa wani gida. Ga mahaifiyata ta tsufa. Asalinmu wani ƙauye ne a yankin Batsari, kun san yadda 'yan bindiga suka addabi wajen, yau shekara huɗu tana cikin Katsina a gidan yayata. Abin da na tara zai saya mini fuloti in ɗora ɗaki biyu, amma sau ɗaya tak zan iya, in na kuskure ba ni da na biyu. Kano, Kaduna, Katsina, ko wani waje? Ku ma kanku, da za a ce ku zaɓi inda za ku ƙarasa rayuwa, ina za ku nufa?

BaKano_Zalla:
Wa alaikumus salam. Ai wannan ba abin tambaya ba ne, Kano tumbin giwa. Mai gyaran sanyi a garin da zafi ke haura 40 a watan Afrilu, ai sarauta aka ba ka. Masu ƙanƙara, masu ruwan leda, masu kifi da kaji, otal, asibitoci, masallatan Juma'a, duk kwastomominka ne. Daga Kano zuwa Katsina awa biyu da 'yan kai, ka gaida Hajiya da safe ka dawo ka yi la'asar a shago.

Injiniya_Kawo:
@BaKano_Zalla ka faɗi rabin kirarin ka haɗiye rabi. Cewa aka yi ko da me ka zo an fi ka. Masu gyaran firji a Kano ba sa ƙirguwa, kowanne da mutanensa na shekara da shekaru. Sannan firji da esi ba da zafin rana suke aiki ba, da wuta suke aiki. Ka manta Oktoban 2024, da jihohin Arewa da yawa suka yi sama da mako guda a duhu saboda manyan layuka sun lalace? Tun da aka ƙara wa 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, kuɗin wuta a Afrilun 2024 na san gidaje da dama da esi ya zama ado a bango. Malam, duk garin da ka zaɓa, kafin ka taso ka koyi harkar sola da inbata da firjin da ke aiki da batir, can kasuwar ta koma. Ni dai Kaduna zan ce maka. Zafinta bai kai na Kano ba, damina ta fi tsawo, kuma gari ne na kowa da kowa, wanda ya saba da Legas ba zai ji baƙunta sosai ba. Ga jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, in aiki ya samu a Abuja ka je ka dawo a yini ɗaya.

Maman_Hanifa:
Duk na karanta, ban ji inda aka ambaci uwargida ba. Malam, kai kaɗai za ka koma?

Dan_Agege84:
@Maman_Hanifa kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Matata haihuwar Agege ce. Kakanta ne ya zo daga Kano fataucin goro, ya zauna, a nan aka binne shi. Iyayenta da 'yan uwanta duk suna nan, Yarbanci kuwa kamar jakar Ibadan. Sau uku ta taɓa zuwa Arewa, duk biki. Tana sayar da atamfa da mayafai a gida, tana da mutanenta. Yaranmu uku, babbar tana aji biyu a sakandare. Na yi mata maganar, ta ce duk inda na ce, amma tun ranar fuskarta ba daidai take ba.

Anti_Yar_Sabo:
Allah sarki, kamar labarina ake bayarwa. Ni a Sabon Ibadan aka haife ni, a can na yi aure, a 2015 maigida ya ce mu koma Kano, muka sauka a Rijiyar Zaki. Ƙanena, shekarar farko kusan kullum sai na yi kuka a ɓoye. Ba wanda ya zage ni. Amma in na buɗe baki sai a yi murmushi a ce ashe 'yar kurmi ce. Yarana suka dawo daga Islamiyya suna cewa ana kwaikwayon Hausarsu. Miyata daban, ɗaurin ɗankwalina daban, yadda na saba fita kasuwa da kaina ma sai da ya zama abin magana a dangin miji. Ga ƙurajen zafi da suka feso wa ƙaramin har ba ya barci. Yanzu kam ko da kuɗi ba zan koma ba, na yi ƙawaye, ina saro yadi a Kantin Kwari ina aika wa 'yan uwana can. Amma sai da na ci shekara biyu cur kafin garin ya karɓe ni. In ta ce maka "duk inda ka ce", wannan ladabi ne, ba amsa ba ce. Ka sake tambayarta ranar da take cikin nishaɗi.

Jos_Ta_Sanyi:
Tunda an ce kowa ya faɗi nasa, ni ko Dubai aka ba ni Jos zan zauna. Tudu ne mai tsawon kusan mita 1,200, a watan Afrilu da Kanawa ke kwana a tsakar gida mu da mayafi muke kwana. Dankalin Turawa, kabeji, karas, tumatir, a Farin Gada sai ka ɗauka kyauta ake rabawa. Yara suna tashi da Turanci mai kyau, makarantu ga su nan.

BaKano_Zalla:
Mai gyaran esi za ka kai Jos? Ai yunwa ce za ta kashe shi, sai dai ya koma sayar da rigar sanyi.

Gangare_Boy:
@Jos_Ta_Sanyi a Jos aka haife ni, ina son garin kamar raina, amma ka faɗa masa sauran. Mun ga rikicin 2001, mun ga na 2008, mun ga na 2010. Babbar kasuwar Taminus da ta ƙone a 2002 har na girma na yi aure tana kango. Tun daga lokacin gari ya rabu, kowa ya san unguwar da zai sayi fili da wadda ba zai saya ba, shi ya sa Unguwar Rogo da Rikkos da Gangare suka cushe, fili ya yi tsada. Yanzu ana zaune lafiya a cikin gari, ana cuɗanya a kasuwa, amma baƙo mai harsashi ɗaya a bindigarsa ba nan zan tura shi ba. Kuma @Injiniya_Kawo, Kadunar taku ma ai haka take tun rikicin 2000, kogi ya raba gari biyu.

Injiniya_Kawo:
Ban musa ba. Kawo, Malali, Unguwar Dosa, Badarawa, Tudun Wada, Rigasa, duk wajen da zai nema a wannan ɓangaren ne, kuma ya ishe shi. Jirgin ma na san wani zai tuna mini harin Maris na 2022, to na riga ku. An dawo da shi a Disambar shekarar, har yau muna hawa. A gaya mini garin da ba shi da tabo.

BaKano_Zalla:
Kano.

Injiniya_Kawo:
Garin da in magariba ta yi mutum ke ɓoye wayarsa a cikin safa saboda masu ƙwace?

Dillali_Na_Hotoro:
Ku bar faɗan nan, ni ga abin da ya shafi aljihunsa. Sana'ata ke nan shekara 20. Malam Dan_Agege, in Kano ka zaɓa, kuɗin da ka kwatanta ba zai ba ka fili a cikin gari ba, sai bakin gari: bayan Ɗanbare, hanyar Gwarzo, wajen Mariri, ko can gaban Dawanau. Abu na farko, ka san bambancin awon gwamnati da awon igiya. Awon igiya gona ce mai ita ya yanka da kansa, araha gare shi, amma sau da yawa ba a bar hanya ta kirki ba, ba magudanar ruwa, kuma in an zo fitar da titi ba ka da bakin magana. Na biyu, kada ka sayi fili da rani. Ka zo a watan Agusta ka ga inda ruwa ke kwanciya. Na ga mutum ya sayi fili fes a watan Maris, damina ta sauka sai ga shi kududdufi, har agwagi na wanka. Na uku, ka je wajen mai unguwa da ƙafarka, ka tambayi maƙwabta, ka tabbatar ba gonar gado ba ce da wani magaji bai sa hannu ba. Fili ɗaya akan sayar wa mutum uku. Na huɗu, ruwa. Ka tambayi zurfin da ake haƙawa kafin a samu, in ba haka ba 'yan garuwa ne za su zama sababbin masu gidan hayarka. Kuma kada ka tura wa kowa kuɗi daga Legas ya saya maka, ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke. Ko ni kada ka tura mini.

Maaikacin_Masaka:
Kowa ya faɗi inda yake so, ni bari in faɗi inda ba na so. Ana cewa ina aiki a Abuja, mutanen garinmu suna ɗauka ina cin kaji a Maitama. A Masaka nake kwana, jihar Nasarawa. Ƙarfe biyar na asuba nake fita saboda cunkoson Mararaba da Nyanya, wani lokaci a bakin titi nake sallah. In dawo tara na dare, yara sun yi barci. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kusan rabin albashina a mota yake tafiya, ga fargabar shiga motar ɓarayi. Ranar da na yi ritaya, kafin tawadar takardar ta bushe ina Bauchi.

Dan_Maradi_227:
Salamu alaikum. Ɗan uwa, kai Bakatsine ne, to Maraɗi gidanku ne, sarkinmu ma Sarkin Katsina aka ce mishi, kakanninku ne suka kafa ta bayan jihadi. Ka taho nan. Daga Maraɗi zuwa Katsina bai kai nisan Kano ba, ta Ɗan Isa da Jibiya. Ana biyanka da sefa, jikka goma ka canza ta ka ga abin da za ta ba ka na naira yanzu. Ga hanyar jirgin ƙasa ana yi daga Kano. Matsala guda, ɗiyanka sai sun koma lakwal da Faransanci.

Katsinawa_Dikko:
@Dan_Maradi_227 matsala guda kawai? Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka rufe iyaka wata da watanni, Najeriya ta yanke muku wuta. Da a lokacin tsohuwarsa ta kwanta ciwo, ta ina zai bi? Ta daji? Hanyar Jibiyar ma kowa ya san halinta. Ni ina mamakin yadda ake ta zagaye. Mutum ya ce don mahaifiyarsa zai dawo, mahaifiyar tana Katsina, to me ya kawo Kano da Kaduna? Cikin birnin Katsina lafiya lau muke, fili ya fi na Kano sauƙi, ga jami'a, ga babban asibiti, ga ma'aikata masu esi a ofis da gida. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Dan_Maradi_227:
Gaskiya ne mun sha wuya lokacin, kuran sai a yini ba a gan shi ba. Amma ku ma albasa da dabbobi sun yi muku tsada, kada a manta.

Bakon_Madina:
Ni tambaya ta biyu zan amsa. Ba inda zuciyar mumini ke so kamar Madina. Hadisi ya zo da falalar wanda ya mutu a cikinta, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Baƙi'a bayan sallar asuba ya san abin da nake nufi. Shekarata tara a nan ina aiki a wani shago. Amma kada in yaudare ku, zama a nan ba irin zuwa Umara ba ne. Iƙamarka, wato takardar izinin zama, a hannun wanda ya ɗauke ka aiki take, in aiki ya ƙare zama ya ƙare. Iyali kuwa kowane kai sai ka biya masa haraji duk wata, yanzu ya kai riyal 400, shi ya sa na mayar da nawa gida tun 2019, sau ɗaya nake ganinsu a shekara. Akwai iƙamar dindindin ta masu hali, riyal dubu 800, ku yi lissafi da naira. Waɗanda suka zauna ba takarda kuma kullum a ɓoye suke, in an kama a tusa ƙeyarsu. Na san waɗanda aka haifa a Makka, aka sauke su a filin jirgin Kano ba su san kowa ba, Hausar ma da ƙyar.

Ummu_Sudais:
Allah Ya sa mu cika a can, ko da a ziyara ne.

Hajiya_Zongo_Kumasi:
Amin. Ina gaishe ku daga Kumasi. Maganar matar Dan_Agege ta taɓa ni, domin mu ma jikokin 'yan goro ne. Kakanmu daga Kano ya zo ta Salaga. A 1969 da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, rabin gidanmu suka tafi Najeriya. Da yawa ba su iya zama ba, suka lallaɓo suka dawo. A can ana ce musu 'yan Gana, a nan ana ce mana 'yan zango. Na je Kano sau biyu, na ga unguwar da aka ce ta kakanmu ce, na yi hawaye, amma kwana goma ina kewar kokon gidanmu da hayaniyar zango. Yaro, garin da kakan mutum ya fito daban, garin mutum daban. Matarka 'yar Agege ce, ka riƙe wannan.

Katsinawa_Dikko:
Hajiya, da girmanki, amma ai mace inda mijinta yake nan ne garinta. Kuma haƙƙin uwa yana gaba.

Maman_Hanifa:
Ba wanda ya ce haƙƙin uwa ba ya gaba. Amma an tambayi ita Hajiyar? Wataƙila ita ba Katsina take so ba, ƙauyenta take jira ya lafa ta koma ɗakinta. Tsofaffinmu da aka taso daga ƙauye haka suke, jikinsu na birni, ransu na can wajen rumbu da kabarin mazajensu. Kakata har ta rasu a Gusau ƙullin kayanta a ɗaure yake, ba ta yarda an kwance ba.

Dalibin_Khartoum:
Wannan magana ta ƙullin kaya ta tuna mini. Na yi shekara huɗu ina karatu a Khartoum, na riga na yanke cewa a can zan zauna. Mutane masu karamci, ga shayi a kowace kwana, har na fara neman aure. Na taɓa zuwa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa da jama'ar da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, na ji tsofaffi suna Hausa da Fillanci, na ce ashe ana yin gida a ko'ina. Ranar 15 ga Afrilun 2023, cikin azumi, muka tashi da ƙarar bindiga. Da jaka ɗaya na fito, muka yi kwanaki a iyakar Masar kafin a kwaso mu. Littattafaina suna can, in suna nan. Tun daga ranar in an tambaye ni inda nake so in zauna, sai in ce inda in abu ya ɓaci zan iya isa wajen dangina da ƙafa.

Bature_Baki:
Na san akwai masu karantawa suna cewa su dai Ingila ko Kanada. Ina Manchester shekara uku, aikin kula da tsofaffi nake yi. Wuta ba ta ɗaukewa, famfo ba ya ƙafewa, ba wanda zai tare ka a hanya da sunan shinge, wannan duk gaskiya ne. Amma a Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, ka fita da duhu ka dawo da duhu. Haya da haraji da kuɗin ɗumama ɗaki suna cinye albashin kafin ka taɓa shi, mutanen gida kuma suna canza fam zuwa naira a kansu suna ganin ka ƙi taimako ne. Tun 2024 ma sun hana sababbin masu irin aikina da yawancin ɗalibai zuwa da iyali. Na yi zazzaɓi kwana huɗu, ba wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ni burina Zariya, Samaru, kusa da jami'a, in gina ɗakunan haya na ɗalibai, in riƙa zama a dakali bayan la'asar ana kawo mini gulma.

Yar_Gombe_Doma:
Kuna ta Kano da Kaduna kamar su kaɗai ne Arewa. Gombe fa? Gari ne mai tasowa, tituna masu kyau, kasuwar hatsi, mutanen Borno da Yobe da Adamawa da yawa nan suka dawo suka zauna. Zafi kuwa akwai shi, sana'arsa za ta ci.

BaKano_Zalla:
Daga Gombe zuwa Katsina ai ya kusa komawa Legas ɗin. A bar shi ya zo Kano kawai, 'yan ƙauye sai surutu.

Mai_Kula_Da_Zaure:
@BaKano_Zalla a kiyaye harshe. Wasa tsakanin garuruwa ba laifi, amma kalmar nan ta yi nauyi a zaren da mai shi ya ce an raba su da ƙauyensu.

BaKano_Zalla:
Na karɓi gyara. Malam Dan_Agege ka yafe ni, wallahi ban kawo wannan a raina ba.

Tsohon_Hedimasta:
Ni na girme ku duka, ina jin. Na yi shekara 35 ina koyarwa, kuma duk tsawon shekarun nan burina ɗaya ne, in koma ƙauyenmu in yi noma in yi kiwo. Da na yi ritaya na zuba kuɗin sallamata kaf a gida can, ɗaki shida, har da dakali. Shekara ta farko daɗi. Ta biyu sai ciwon suga ya taso, ga hawan jini. Asibitin da ke da likita yana da nisan awa ɗaya da rabi, da damina kuma rafi ya cika sai a jira ya janye. Abokan da nake tunanin za mu yi hira, rabi sun rasu, rabi suna birni wajen 'ya'yansu. Yarana da suka tashi a gari ba mai son kwana biyu a can. Yanzu ina Dutse a gidan haya ɗaki biyu, gidana na ƙauye awaki ke kwana a ciki. Ashe ƙauyen da nake kewa na 1975 ne, shi kuma babu motar da ke zuwa can. Ɗana, kai ma ka bincika, Arewar da ke ranka ta 2009 ce ko ta yau? Shawarata, kada ka sayi ko taku ɗaya tukuna. Ka zo ka kama haya shekara guda a garin da ka fi karkata, ka bar shagon Legas a hannun yaranka, ka ga rani ka ga damina. In ya karɓe ka, ka saya.

Dillali_Na_Hotoro:
Baba ya yi gaskiya, ko da yake ya hana ni la'ada. Sai dai a sani, kuɗin da aka ajiye a banki shekara guda yanzu ba shi ne kuɗin ba. Buhun siminti da bulo ba sa jiran kowa. In zai jira, ya mayar da kuɗin wani abu da ba ya narkewa.

Injiniya_Kawo:
Ko ya saro kwamfuresa da kayan sola a kasuwar Alaba ta Legas ya taho da su, jari ne kuma ajiya ce.

Katsinawa_Dikko:
Haya a Legas, haya a Arewa, gida biyu ke nan fa. Wa zai biya? Ku masu ba da shawara?

Dan_Agege84:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa. @BaKano_Zalla ba komai, ya wuce. Jiya da dare na kira Hajiya kamar yadda @Maman_Hanifa ta ce. Na tambaye ta in na gina gida a Katsina ko Kano za ta dawo wajena? Ta yi shiru, sannan ta ce in ina da kuɗin gini in ajiye, in an samu lafiya a gyara mata ɗakinta na gida da ya zube. Ban san me zan ce mata ba. Uwargida kuma na sake tambayarta, ta ce in dai dole ne to Kaduna, saboda tana da 'yar gwaggo a Tudun Wada, amma a bari babbar ta gama aji uku. Ni kuma har ga Allah raina Kano yake, saboda kasuwa. Mutum uku, gari uku, na huɗu kuma mai gidan haya yana jiran amsa kafin ƙarshen wata.

Anti_Yar_Sabo:
Ka ga yanzu ta ba ka amsa. Ka biya shekara ɗayan nan ko da ciwo, ka roƙe shi ya rage, yarinya ta gama, kai kuma ka riƙa zuwa kana dubawa.

Gangare_Boy:
Dubu 800 fa Anti. Wannan ai bulo ne na ɗaki guda zai miƙa wa wani.

Jos_Ta_Sanyi:
Har yanzu dai ba wanda ya kawo garin da ya fi Jos iska.

Tsohon_Hedimasta:
Ɗana, in ka tashi zuwa dubawa, ka biyo ta Dutse ka kwana biyu, daga Kano ba nisa. Firjina ma ya yi wata uku ba ya sanyi, a nan nake ajiye allurar suga.

Dan_Agege84:
In sha Allahu Baba. Yana kunnuwa ya yi ƙara amma ba sanyi, ko shiru yake gaba ɗaya?